Ta yaya ake gane wanda ke bayan asusun da ba shi da suna a darar ces ta intanet?

Dokin_Allo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka riga ni daɗewa a darar ces ta intanet ce, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin idan ban zayyana abin da na gani ba, da wuya a ba ni amsar da za ta yi mini amfani.

Kusan wata huɗu ke nan ina bibiyar wani asusu a Lichess, dandalin buga ces ta intanet, mai ɗauke da tambarin GM, wato giranmasta, muƙami mafi girma na 'yan wasan ces, amma babu suna, babu tutar ƙasa, babu ko kalma ɗaya a gurbin bayanin kai. Na fara lura da shi ne wani dare ina kallon wasannin minti ɗaya na manya, sai na ga ya ci wani sanannen ɗan wasa sau bakwai a jere, sannan ya fita ba tare da ya ce uffan ba. Tun daga ranar nake rubuta abin da na lura da shi. Yawanci yakan shigo tsakanin ƙarfe 9 zuwa 12 na dare agogon GMT, yakan ɓace kwana goma ko mako biyu sannan ya dawo. Idan fararen ƙwayoyi ne a hannunsa, kusan kullum da doki yake buɗewa zuwa f3, ya bi shi da soja zuwa b3 (f3 da b3 sunayen gidaje ne a kan allon). Idan wasa ya lalace masa yakan sallama da wuri, ba ya tsayawa jan abokin karawarsa don ya ci shi da agogo, alhali wannan dabi'a ce ta kusan duk mai buga minti ɗaya.

Akwai wasa guda da ya tsaya mini a rai. Saura masa daƙiƙa 20, an kawo wa hasumiyarsa hari, kowa yana jiran ya janye ta, sai ya dakata daƙiƙa shida cur, sannan ya matsar da sarkinsa gida ɗaya zuwa kusurwa ya bar hasumiyar a bakin doki. Bayan taku biyar aka ga dalili. Da na sa wasan a Stockfish, injin kwamfuta mai buga ces da nazarin wasa, daga baya, shi ma sai da ya ɗan zurfafa lissafi kafin ya yarda cewa takun sarkin ne mafi kyau.

Ina da wanda nake zargi, wani giranmasta da ke son irin wannan buɗin, kuma a wurina biri ya yi kama da mutum, amma ba zan ambaci sunansa ba tukuna. Abin da nake son sani shi ne, akwai hanyar da ake bi a tabbatar da irin wannan zato daga wasannin kawai? Kuma an taɓa gano wani ta haka har ta tabbata, ko kuwa kullum a shaci-faɗi ake ƙarewa?

Tsohon_Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Dokin_Allo. Kafin a je ga hanya, bari in ba ka labarin da ya kamata duk mai irin wannan farauta ya sani, domin wanda abin ya faru da shi ya fi ni da kai sanin wasan nesa ba kusa ba.

A watan Satumba na 2001, Nigel Short na Ingila, wanda ya kara da Garry Kasparov a wasan neman kambun duniya a Landan a 1993, ya bayyana a jaridar Sunday Telegraph cewa yana da yaƙinin kashi 99 cikin 100 cewa da Bobby Fischer yake bugawa a dandalin Internet Chess Club. Sai ka tuna ko wane ne Fischer a lokacin kafin ka ga girman maganar. Ya ci kambun duniya a hannun Boris Spassky a Reykjavik a 1972, ya ƙi kare shi a 1975, ya ɓace shekara 20 bai buga wasan gasa ba, ya sake fitowa a 1992 ya kara da Spassky a Yugoslabiya, sannan ya sake ɓacewa, hukumomin Amurka suna nemansa saboda wancan wasan. Duniyar ces gaba ɗaya tana ƙishirwar labarinsa.

Baƙon da Short ya haɗu da shi ba shi da asusu mai suna, kuma a zamansu na farko, a wasannin minti uku, ya ci Short 8 da nema. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda yake buɗe wasa: sai ya tura sojan f, ya fito da sarkinsa fili tun a takun farko-farko, abin da ake hana yaro ɗan koyo, kuma duk da haka ya yi nasara. Short ya so ya gwada shi, sai ya jefa masa sunan Armando Acevedo, wani ɗan wasan Meziko da ba kowa ya san shi ba. Nan take amsa ta zo cewa Siegen 1970, kuma gaskiya ne Fischer ya kara da Acevedo a gasar Olimfiyad da aka yi a garin Siegen na Jamus a wannan shekarar. Daga nan Short ya sakankance.

To amma dubi hujjar da kyau. Wasannin gasa da Fischer ya buga a rayuwarsa ba su da yawa idan aka kwatanta da na 'yan wasan yanzu, kuma duk suna cikin rumbun wasanni da ke kan kwamfutar kowane mai sha'awa. Wanda ya shirya yin sojan gona da sunan Fischer, rubuta Acevedo a gurbin bincike ba zai ɗauke shi daƙiƙa goma ba. Shi kuma buɗin nan na ganganci, wanda aka ɗauka alamar baiwa ce, ya fi dacewa da mai amfani da inji, domin inji ba ya jin tsoro kuma ba ya rikicewa idan sarkinsa yana tsakiyar allo, zai yi ta kare kansa daidai har ɗan Adam ya yi kuskure saboda ƙurewar lokaci. Waɗanda suka bi wasannin baƙon da manhajojin wancan zamani sun ga takunsa yana dacewa da na inji sosai. Fischer da kansa ya musanta a wata hira ta rediyo, kuma dama tun 1996 ya koma tallata nasa salon wasan da ake hargitsa jerin ƙwayoyin baya, yana cewa ya bar tsohon ces.

Ra'ayina shi ne Short ya fara da amsar da yake so, sannan ya nemo mata hujja, kuma duk abin da bai dace ba sai ya fassara shi da cewa ai Fischer ne, komai zai iya. Saboda haka tambayar farko ba wane ne ba ce, a'a, mutum ne ko inji. Ko a Go, wata dara ta gabashin Asiya, an ga haka: daga ƙarshen Disamba 2016 zuwa farkon Janairu 2017 wani asusu mai suna Master ya ci manyan 'yan wasan duniya sau 60 ba a ci shi ko ɗaya ba, ana ta hasashen sunaye, daga ƙarshe kamfanin DeepMind ya sanar cewa sabon samfurin manhajarsa AlphaGo ne ake gwadawa. Abin ma ya girmi intanet, tun da akwatin nan da Wolfgang von Kempelen ya nuna a Biyana a 1770 a matsayin na'ura mai buga ces, mutum ne a ɓoye a cikinsa. A da mutum ke ɓuya a cikin inji, yanzu inji ke ɓuya a bayan mutum.

Sojan_Gaba ya amsa:

Da izinin Malam Tsohon_Ɗalibi, ina ganin batun inji ba shi da ƙarfi a nan. Kwafar taku daga inji da hannu a wasan minti ɗaya abu ne mai matuƙar wuya, kuma mai yin haka ana gane shi ta yadda yake kashe lokaci, domin yakan ɗauki daƙiƙoƙi kusan iri ɗaya a kan kowane taku, ko da kuwa ramuwar ci ce da ba ta buƙatar tunani. Wanda Malam Dokin_Allo ya kwatanta yana buga masu sauƙi nan take, ya dakata a inda wasa ya ɗau zafi, kuma haka ɗan Adam yake yi. Bayan haka, Lichess ba ya manna wa asusu tambarin GM sai mai shi ya tabbatar musu da muƙaminsa da shaidar ko shi wane ne, sannan su bar shi ya ɓoye sunansa ga jama'a idan ya ga dama. Ke nan neman ya taƙaita ga mutum wajen 2,000 da hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ba wannan muƙami. Abin da kawai zan ƙara shi ne kada sunan asusu ya ruɗi kowa: tsohon zakaran duniya Magnus Carlsen ya buga da DrNykterstein da DrDrunkenstein da DannytheDonkey, marigayi Daniel Naroditsky kuma da RebeccaHarris aka san shi a can.

Malama_Lissafi ta amsa:

Malam Dokin_Allo, amsar tambayarka ta biyu ita ce e, an taɓa ganowa har ta tabbata, kuma yadda aka yi ɗin zai nuna maka abin da hujjarka ta rasa.

A watan Afrilu na 2023 aka yi wasan kambun duniya a Astana ta Kazakistan tsakanin Ding Liren na Sin da Ian Nepomniachtchi na Rasha, kuma mai taimaka wa Ding wajen shiri shi ne Richard Rapport, ɗan asalin Hangari. A wasa na biyu Ding ya tura soja zuwa h3 a taku na huɗu, abin da kusan ba a taɓa gani ba a wannan matsayi a tsakanin manya. A wasa na takwas kuma, a tsarin buɗin da ake kira Nimzo-Indiya, ya ɗaga hasumiyarsa zuwa a2 a taku na tara. Ana cikin wasan wani mai kallo ya nemi wannan matsayi a rumbun Lichess, sai ya tarar an taɓa buga shi tsakanin wasu asusu biyu marasa suna, waɗanda aka buɗe 'yan makonni kafin gasar, kuma ba sa wasa da kowa sai junansu. Da aka buɗe sauran wasanninsu, waɗanda suka kai gommai, sai ga takun h3 ɗin nan a ciki, ga wasu buɗe-buɗen da aka riga aka gani a gasar. A taron manema labarai Ding ya kauce wa tambayar, amma bayan ya ci kambun ya amince cewa wasannin atisayensu ne, kuma fallasar ta tilasta musu neman sababbin dabaru ana tsakiyar gasa.

Abin da ya sa wannan hujja ta tsaya shi ne takun da aka kama su da shi ba na kowa da kowa ba ne, kuma asusun sun buga shi kafin Ding ya buga shi a bainar jama'a, ba bayan nan ba. Da a ce bayan wasan aka ga takun a wani asusu, da ba komai ba ne, domin dubban mutane ke kwaikwayon abin da zakara ya buga washegari. Doki zuwa f3 da soja zuwa b3 kuwa, giranmastoci da yawa ke buga shi a wasan gaggawa, saboda ba ya buƙatar hadda mai yawa kuma ana iya jera takunsa da sauri. Kama da wane ba ta wane.

Game da salo, masana sun gwada abin a kimiyyance. A 2021 Reid McIlroy-Young da Ashton Anderson na Jami'ar Toronto, tare da Jon Kleinberg na Jami'ar Cornell da abokan aikinsu, sun horar da wata manhaja da wasannin Lichess, suka nuna cewa idan an ba ta wasanni 100 na wani ɗan wasa tana iya zaƙulo shi daga cikin dubbai, ta dace sau 98 cikin 100. Da aka ɓoye mata taku 15 na farko na kowane wasa, wato aka cire buɗi, dacewar ta sauko zuwa wajen 86 cikin 100. Abu biyu nake ɗauka daga nan. Buɗi yana tona mutum ƙwarai, amma ko babu shi akwai wani zanen yatsa a yadda kowa ke yanke shawara, musamman a irin kurakuran da ya saba yi. Sai dai manhajar tana aiki ne idan wanda ake nema yana cikin jerin da aka ba ta, kuma da wasanni irin waɗanda za a kwatanta. Kai kuma kana kwatanta wasan minti ɗaya na intanet da wasan gasa na awa huɗu ko biyar, alhali mutum ɗaya kan zama kamar mutum biyu a tsakaninsu, kuma da yawa suna buɗe asusun ɓoye ne musamman don su gwada abin da ba su saba bugawa ba.

Shawarata ita ce ka juya aikin, ka nemi abin da zai rushe zatonka maimakon abin da zai ƙarfafa shi. Sauke duk wasannin asusun, tun da dandalin yana ba da damar haka kuma kowane wasa yana ɗauke da ranarsa da sa'arsa. Sai ka jera su kusa da jadawalin gasannin da wanda kake zargi ya buga a kan allo, waɗanda ake watsa takunsu kai tsaye. Dare ɗaya tak da za a samu asusun yana wasa alhali mutumin yana zaune a zauren gasa, inda ba a shiga da waya, ya isa ya kashe maganar. Dacewa ɗari kuwa ba za ta tabbatar da ita ba, domin manyan gasanni sukan zo lokaci guda, kuma giranmastoci da yawa ke ɓacewa daga intanet a mako ɗaya.

Mai_Kallon_Gefe ya amsa:

Bayanin Malama ya gamsar da ni ta fuskar hanya, amma ina so in taɓo abin da za a yi da sunan idan an same shi. Ruwa ba ya tsami banza: giranmasta da ya ɓoye sunansa galibi yana kare abincinsa ne, domin abokan karawarsa suna tattara duk wasan da ya buga da sunansa su yi masa shiri a kai. Misalin Astana da aka kawo, a wurinmu masu kallo labari ne mai daɗi, amma a wurin Ding aikin watanni ne ya zube ana tsakiyar wasan da ya fi kowane muhimmanci a rayuwarsa.

Akwai kuma ɓarnar da taron jama'a ke yi idan suna ya fita. A watan Maris na 2021 wani asusu daga Indonesiya mai suna Dewa_Kipas ya ci Levy Rozman, mai tashar GothamChess, a Chess.com, aka rufe asusun bisa karya ƙa'idar wasa, sai maganar ta fita daga hannun 'yan ces ta zama ta kishin ƙasa. Rozman ya sha zagi da barazana har ya toshe bidiyoyinsa ga masu kallo daga ƙasar na wani lokaci, shi kuma dattijon da ke da asusun ya wayi gari duniya ta san fuskarsa. Daga ƙarshe aka zaunar da shi a kan allo da Irene Sukandar, ƙwararriyar 'yar wasan Indonesiya, ta ci shi 3 da nema, mutum fiye da miliyan ɗaya suna kallo kai tsaye. Ba cewa nake yi lamarin ɗaya ne da naka ba, tun da kai ba ka zargi kowa da maguɗi ba, amma da zarar ka haɗa sunan mutum da asusu, duk abin da asusun ya yi ko aka ce ya yi, a wuyansa za a rataya, ko da kuwa ba nasa ba ne.

Wani ɓoyon kuma shi ne sana'ar kanta. Rey Enigma na Sifen, wanda ya fito a 2021 sanye da rigar da ta rufe shi daga kai har ƙafa mai zanen allon ces, yana zama a lambun Retiro na Madrid yana alƙawarin Yuro 100 ga duk wanda ya ci shi, har ya kai ga karawa da tsohon zakaran duniya Anatoly Karpov a talabijin. Irin wannan yana so a yi ta hasashe, domin hasashen ne ke tara masa jama'a. Naka kuwa bai ce da kowa komai ba, bai gayyaci kowa wasan ɓuya ba, kuma ni a ganina bambancin yana da nauyi.

Dokin_Allo ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya ƙara basira. Malama, na bi shawararki a daren jiya, kuma sakamakon bai yi mini daɗi ba. Na sauke wasannin, sun haura 3,000, na jera ranakunsu a jadawali, na ɗauko gasanni uku da wanda nake zargi ya buga a cikin watannin nan. A biyu daga ciki asusun ya yi shiru tun daga zagayen farko har na ƙarshe, har na fara murna. A ta ukun kuwa, ranar zagaye na shida, mutumin ya zauna a kan allo fiye da awa biyar yana kare wani wasa mai wuya, kuma a cikin waɗannan sa'o'in asusun ya buga wasanni 41 na minti ɗaya. Na sake duba bambancin agogo sau biyu ko na yi kuskuren lissafi, ban yi ba. Sai dai idan mutum biyu ke amfani da asusun, abin da ƙa'idar dandalin ta hana kuma ba ni da wata alama a kansa, ba shi ba ne.

Wani abu kuma ya fito da ban lura da shi ba a da. Buɗin b3 da na ɗauka tambarinsa ne bai fara shi ba sai wata biyar da suka wuce. Kafin nan, a wasanni sama da 1,000, da sojan e4 yake buɗewa, kuma salon ya fi zafi da kai hari. Ke nan na shigo ne a tsakiyar wani gwaji da yake yi, na ɗauki rigar aro a matsayin kayan gado.

Malam Mai_Kallon_Gefe, na ji maganarka, kuma ko da na dace nan gaba, sunan zai tsaya a littafina. Yanzu na koma kan tsofaffin wasannin e4 ɗin, domin akwai wani layi da yake maimaitawa a kan tsarin buɗin Sisiliya wanda ban saba gani ba, inda yake tura sojan h tun a taku na shida. Malama, idan na ware su zan turo miki matsayin da ake kaiwa a taku na goma, ki duba mini ko sau nawa ya bayyana a rumbun wasannin manya kafin ranar da shi ya fara buga shi.